Kurwar Motar Baba Illa

Tawa, 12 ga Maris, 2022

Zuwa ga ɗana Muktari Abdulrahim, a Tudun Gawo, ta hannun Souleyman direban tashar Tebaram.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da mahaifiyarka Hajaratu, da mai ɗakinka Hanifa, da ɗiyarka, amaryata Lailatu. Ka ce mata angonta ya tsufa, amma yana nan da ransa.

Na yarda in sayar maka da katkat ɗin, motar nan tawa mai shiga daji. Idona ya yi yana, ba na ganin hanya sosai, kuma ranar ashirin ga wata za a yi mini aiki. Da in ba baƙo, gara in ba ɗan Abdulrahim. Na rubuta ne don maganar ciniki ba ta wayar salula ba ce, musamman da rezon wayar garinku da ke zuwa yana tafiya.

Dillalan kasuwar mota sun ce in kira miliyan huɗu. Ba ta kai ba. Shekararta goma sha bakwai, goma a hannun furoje, wato ma'aikatar da na yi wa tuƙi, bakwai a hannuna. Kuɗinta na gaskiya miliyan uku da rabi ne. Daga nan na cire jika ɗari biyu, wato sefa dubu ɗari biyu, ga dalili.

Cikin inji akwai wata ɗamarar roba mai haƙora, masu gyara suna ce mata kurwa. Ba a ganinta sai an kwance murfin gaba. Ita ke sa saman inji da ƙasansa su yi tafiya tare. Ana canza ta duk kilomita dubu ɗari, ko duk shekara biyar, wanda ya riga zuwa. Ta wannan motar an sa ta tun kafin ta zo hannuna, kuma ta yi dubu casa'in da uku. Ka ga ta ko'ina lokacinta ya yi. In ta tsinke mota tana tafe, ƙarfe zai bugi ƙarfe a cikin inji, kuma inda ta tsaya nan za ta kwana.

Jika ɗari biyun nan ba rangwame ba ne. Kuɗin kurwa ne, da gargaren da ke riƙe ta, da famfon ruwa, da ladan aiki. Ka kai ta garajin Ma'azu da ke bayan kasuwar dabbobi, na riga na yi masa magana. Kada ka yarda a sa maka ta gwanjo.

Sauran abin da na sani: ƙofar baya sai an ɗaga ta kafin ta rufe, kuma na'urar sanyi ta mutu tun bara. Ban da wannan ban san wani aibi gare ta ba.

Allah ya sa ta zame maka alheri.

Babanka,
Illa

*

Tudun Gawo, 9 ga Afrilu, 2022

Zuwa ga Baba Illa,

Gaisuwa da ladabi da biyayya. Yaya ido? Souleyman ya ce an yi aiki lafiya, har ka gane shi daga bakin ƙofa. Alhamdu lillahi.

Baba, da ka ga ranar da na shigo gari da ita! Ban iya tsayawa ƙofar gida ba don mutane. Inna ta ƙi shiga sai da liman ya tofa addu'a. Da ta zauna gaba kuma ta ƙi fita, ta ce in kai ta rijiya in dawo da ita. Lailatu kuwa ta riƙe sitiyari ta ce ita ce direba, ni yaron motarta. Ta ce in gaya wa angonta ta gode da mota, saura lefe.

Na karanta wa Inna takardarka ban kai ƙarshe ba, don da na zo kan kurwa ta ce ashe mota ma tana da kurwa, to a tsare ta daga mayu. Muka yi ta dariya har maganar ta wuce.

Na je wajen Ma'azu ranar da na karɓi makulli. Ya ce ta asali babu a Tawa, sai ya yi saƙo Yamai, kamar sati biyu. Na ce to zan dawo. Tayoyin baya sun sha ƙasa, hanyarmu kuma ka san dutsenta, sai na taɓa kuɗin na sa sababbi guda biyu. Kada ka damu, kasuwa biyu za ta mayar da su.

Aiki ya buɗe, Baba. Ranar kasuwar Tebaram sawu uku nake yi. Ina kai awaki Tawa, in komo da shinkafa da siminti. Shekaranjiya na kai matar maƙeri likita, ta haihu lafiya, mijin ya kawo mini zakara. Da can sai amalanke. Yanzu ko majo, likitan garinmu, lambata ya rubuta jikin bango.

Injin kuwa lafiya lau, ko tari ba ya yi. Duk wanda ya ji ƙararsa sai ya ce sabuwa ce.

A gaida Mama Asabe da duk mutanen gida.

Ɗanka,
Muktari

*

Tawa, 21 ga Yuni, 2022

Muktari,

Bayan gaisuwa. Na haɗu da Ma'azu a masallacin Juma'a. Ya ce kayan sun zo tun ƙarshen Afrilu, suna nan cikin kwali da sunanka. Ya ce ya ga wucewarka ta gaban garaji da awaki, ka ɗaga masa hannu.

Na kira ka sau uku, wayar ba ta shiga.

Ka ce injin ba ya tari. Ɗana, kurwa ba ta tari. Birki yana kuka kafin ya mutu, batir yana nauyi da safe, ita kuwa ba ta faɗa wa kowa. Shekara talatin da ɗaya na yi bisa sitiyari, na ga ta tsinke sau biyu, duka biyun injin yana cikin daɗinsa.

Aikin yini ɗaya ne. Ruwa ya fara sauka, in hanya ta jiƙe injin zai ƙara shan wahala. Ka zo wannan satin. In kuɗin ne babu, ka zo haka nan, ni da Ma'azu mun san juna.

Ka gaida mahaifiyarka.

Illa

*

Affala, 29 ga Agusta, 2022

Zuwa ga Malam Illa,

Assalamu alaikum. Ni ce Balki, yayar Muktari, wadda ke koyarwa a lakkwal, makarantar boko ta Affala. Ka yi haƙuri ban ce Baba ba. Na ɗauki alƙalami in rubuta, hannuna ya ƙi.

Ka zo gaisuwar Lailatu ranar uku, na gan ka daga cikin gida. Ban fito ba don kada in faɗi abin da bai kamata ba gaban mutane. Yau kusan sati biyu ke nan, kuma abin bai bar ƙirjina ba, shi ya sa na rubuta.

Ban san iyakar abin da aka gaya maka ba. Maciji ya sare ta da hantsi, ta kai wa ubanta fura gona. Majo ya duba ta ya ce kada a ɓata lokaci, a kai ta Tawa, can ne ake da allurar kashe dafin da abin taimakon numfashi. Ya ce in sun isa kafin azahar akwai fata. Sun wuce Tebaram, sun ci fiye da rabin hanya. Saura kilomita talatin motarka ta mutu a tsakiyar daji, inda babu gida babu rezo.

Shekararta tara, Malam Illa. Da an koma makaranta bayan hutu wajena za ta dawo, na riga na ɗinka mata jakar littattafai.

Wanda ya jawo motar ya buɗe injin gaban mutane. Ya ciro wata roba duk ta tsattsage kamar tsohuwar fata, haƙoranta sun zube. Ya ce wannan ta fi shekara bakwai a ciki, kuma duk direban da ya san aikinsa ya san haka. Kai ne ka yi shekara talatin kana tuƙi. Muktari tela ne kafin bana, me ya sani a cikin inji?

Duk Tudun Gawo maganar da ake yi ke nan: Illa ya ga mota za ta mutu, ya nemi maraya ya ɗora masa. Na so in ƙaryata, ban sami abin faɗi ba. Na tambayi Muktari, ya gaya maka ko bai gaya maka ba? Ya dube ni, ya tashi ya fita. Ba ya magana da kowa. Kullum yana zaune bayan rumbu.

Akushi ɗaya kuka ci da mahaifinmu. Kai ka riƙe makararsa ta gaba. Ni ba kuɗi nake nema ba, kuma na san kwana in ya ƙare ya ƙare. So nake ka gaya mini da bakinka: ka sani ko ba ka sani ba?

Wassalam.

Balki Abdulrahim

*

Tawa, 2 ga Satumba, 2022

Zuwa ga ɗiyata Balki,

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Lailatu, ya sa mai ceto ce, ya ba ku haƙurin rashinta.

Takardarki ta zo, na karanta ta har sau biyu. Ban ji haushin ko kalma ɗaya ba.

Kin tambaye ni ko na san kurwar ta tsufa. Na sani. Kuma da na ga dama da na canza ta kafin in ba da makulli. Ban yi ba. Wannan nawa ne, zan amsa shi gaban Allah.

Abin da ya wuce wannan ba zan rubuta ba yanzu. Ki kula da ƙanenki. Ki sa a riƙa kai masa abinci inda yake zaune, ko bai ci ba. Kada a bar shi shi kaɗai ya daɗe.

Ki gaida mahaifiyarki, in za ta karɓa.

Babanki, ko kin kira ko ba ki kira ba,
Illa

*

Tawa, 2 ga Satumba, 2022

Muktari ɗana,

Na ce wa Souleyman ya ba ka wannan a hannunka, ba ta hannun kowa ba.

Ranar da na zo gaisuwa ka ƙi haɗa ido da ni. Na durƙusa ƙofar ɗakin mahaifiyarka na yi sallama sau uku, ba ta amsa ba. Shekara arba'in tana ce mini mijin gida don wasan da ke tsakaninmu. Na tashi na koma tasha, a can na ji abin da ake faɗi a kaina, daga bakin wani da bai san ni ne ba.

Balki ta rubuto. Ban gaya mata zancen takarduna ba, kuma ba zan gaya mata ba. Na roƙi Ma'azu ya kama bakinsa, ya yi fushi amma ya yarda. Ni tsoho ne, abin da ya rage mini kaɗan ne, zan iya ɗaukar zagi. Kai kana da mata da uwa da za ka ci gaba da zama da su.

Kuma kada ka ɗauka alheri nake yi maka. Ni ma ina da rabona a ciki. Ma'azu ya ce mini tun farko, Malam Illa, bar motar sati biyu a canza, sannan ka sayar. Na ƙi, don ranar aikin idona ta matso, ina son in gama da komai kafin a kwantar da ni. Sai na cire jika ɗari biyu, na rubuta takarda, na ce na fita haƙƙi. Alhali na san ka tun kana rarrafe, na san ba ka iya ganin kasuwa tana ci ka zauna. Na miƙa maka makulli ina sane. Farashin daidai ne, ko yau aka tambaye ni haka zan ce. Amma ban yi daidai ba.

Ka ci abinci. Ka je masallaci cikin mutane. In kana son zuwa Tawa, ɗakin zaure yana nan.

Babanka,
Illa

*

Tudun Gawo, 27 ga Satumba, 2022

Baba,

Ina gaisuwa. Ka gafarce ni da jinkiri, na fara takardar nan ya fi sau biyar.

Takardarka ta Yuni ta same ni, Baba. Na karanta ta a tashar Tebaram ina lodin awaki, na ninke na sa aljihu. Kuɗin ma na mayar da su tun Mayu, suna nan. Ba rashin kuɗi ba ne. Yini ɗayan ne na ƙi bayarwa. In na ce Litinin sai a kawo kaya, in na ce Alhamis sai a yi biki. Sau huɗu na wuce ta gaban Ma'azu. Na ƙarshe har na rage wuta, sai na ga motoci biyu gabana a layi, na ce bari sai bayan noma.

Ban gaya wa kowa yadda ranar ta kasance ba. Kai zan gaya wa.

Hanifa tana baya da yarinyar a cinya. Lailatu tana magana har muka wuce Tebaram, tana cewa ba ta zubar da furar ba, ta ajiye ta gindin kalgo. Daga nan idanunta suka fara rufewa, tana ɗaga su da yatsa don ta gan mu. Ina ta taka mota. Muna hawan wani tudu sai na ji kas, ƙarami, kamar an karya kara. Shi ke nan. Injin ya yi shiru, mota ta gangara kaɗan ta tsaya. Na murɗa makulli, yana juyawa fayau babu nauyi. Nan take na san ko mene ne, don ka riga ka rubuta mini shi.

Hanifa ta ce, mai ya ƙare ne? Na ce a'a. Ta ce to mene ne? Na ce ban sani ba.

Na saɓa Lailatu a kafaɗa na yi ta gudu bisa hanya. Rana ta take. Na yi wajen awa ɗaya kafin wani Buzu ya zo bisa babur daga kasuwa. Bai tambayi komai ba, ya sauke buhunsa a gefen hanya. Na goya ta da rawaninsa. Ina jin numfashinta a wuyana, yana raguwa. Muna hango gidajen farko na Tawa na daina jin sa. Ban gaya wa mai babur ba. Na bar shi ya yi ta gudu har ƙofar likita.

Da mai jan mota ya ciro robar ya ce laifin wanda ya sayar ne, ina tsaye. Kowa ya juyo ya dube ni da tausayi. Na yi shiru. Tausayin nan na so, Baba, don ban san yadda zan dubi Hanifa ba in babu shi. Na bari aka zage ka kwana arba'in.

Jiya bayan sadakar arba'in na ba Yaya Balki takardunka biyu, ta Maris da ta Yuni. Ta karanta a tsaye. Ta zauna ƙasa ta rufe fuska. Na roƙe ta ta karanta wa Inna har ƙarshe wannan karon. Hanifa kuwa ni zan gaya mata da kaina, ban san ta inda zan fara ba.

Motar tana nan ƙofar gida, yara ba sa zuwa kusa da ita. Ba zan ƙara tuƙa ta ba. Wani dillali ya zo ya ce a sa mata kan inji na gwanjo da kurwa mai araha, a mayar da agogon kilomita baya, zai samo mini miliyan uku. Na sallame shi. Ka gaya mini nawa ne kuɗinta na gaskiya yadda take yanzu.

Ka yafe mini, in za ka iya.

Ɗanka,
Muktari

*

Tawa, 1 ga Oktoba, 2022

Ɗana Muktari,

Na yafe tun kafin ka roƙa. Kai ma ka yafe mini.

Na zauna da Ma'azu. Ya ce ba wanda zai san iyakar ɓarnar sai an buɗe, amma ka ɗauka saman injin ya tafi. Yadda take tsaye, kada ka karɓi fiye da miliyan biyu da jika ɗari biyar. In ka fi so a gyara, a jawo ta nan, a sa kayan asali, a ba mai saye takardar garaji da ranar aikin da lambar kilomita. Ko ta wace hanya, ka faɗa masa abin da ya faru da injin kafin ya tambaya.

Amma kada ka yi gaggawa. Ita kaɗai ce mota a garinku, kuma damina mai zuwa ma za a yi ciwo. In ba za ka iya zama bisa sitiyarinta ba, ka nemi mai iyawa a cikin gari kafin ka ba na nesa.

Zancen Hanifa, ba ni da dabara. Ka zauna ƙasa, ka faɗi yadda ka faɗa mini, kada ka rage, kada ka kawo uzuri. Abin da ta ce maka ka ɗauka. In ta yi shiru, kada ka matsa mata.

Allah ya sanyaya mana.

Babanka,
Illa

*

Tudun Gawo, 9 ga Oktoba, 2022

Baba Illa,

Assalamu alaikum. Ina durƙushe nake wannan gaisuwa. Ban san da wane baki zan ba ka haƙuri ba, sai na zo da kaina.

Na karanta wa Inna duka.  Ranar Juma'a ta sa Muktari ya tsaya ƙofar masallaci bayan salla ya faɗa wa mutanen gari gaskiya, ya kuwa faɗa. Ta ce in rubuto maka ka zo in an gama yankan gero. Ta ce ita ya kamata ta zo, ƙafafunta ne ba za su kai ta ba.

Muktari ya gaya wa Hanifa ranar Litinin. Ta saurare shi har ya gama, ba ta yi kuka ba. Ranar Talata da safe wanta ya zo da amalanke ta bi shi gidansu. Ta ɗauki tufafinta, ba ta ɗauki kwanoninta ba. Inna ta ce kada wanda ya taɓa su, a bar su inda suke.

Ka sa mu a addu'a.

Ɗiyarka,
Balki